Telan Ƙofar Bariki

Shekara talatin da huɗu ina taka keke
a rumfar kwano daura da ƙofar bariki,
inda hanyar Katmandu ke karyewa ta kama tsauni.
Setu Pariyar, tela ɗan tela.
Ban taɓa ɗana kunamar bindiga ba,
amma duk abin da rundunar nan ta aikata
sai ya biyo ta ƙarƙashin allurata.

Da fari ba su cika ɗari ba.
Zaɓen iri aka yi musu, ƙwaya-ƙwaya:
a aza wa mutum kaya, a nuna masa ƙololuwa,
wanda ya sauko da ƙafafunsa
shi ake aiko min in ɗinka wa lamba a kafaɗa.
Zamanin nan facin gwiwa ne cinikina,
rarrafe ke cin yadi, ba harsashi ba.

Sai yaƙi ya zo, kuma ba daga ƙetare ba.
Ɗan wannan kwari da ɗan wancan kwari,
shinkafarsu ɗaya, yarensu ɗaya.
Su ake aikawa inda mota ba ta zuwa,
su fita bayan kaza ta kwanta,
su dawo kafin zakara ya yi tari.
Huda ta sake kama:
ta gaba kamar ƙwayar wake,
ta baya kamar bakin kofin shayi.
Wata rigar ta zo, mai ita bai zo ba.

Wani dare Tikaram Pun ya ƙwanƙwasa min kwano.
Rigarsa lafiya lau, ko ƙwarzane babu,
sai hannun dama da ya bushe ya yi ƙiƙam.
Ya ce, Baba, sauya min hannun nan.
Na duba fatarsa, ba rauni.
Ya ambaci sunan wani ƙauye, sau ɗaya, ya haɗiye sauran.
Bakin tela cike yake da allura,
ban tambaya ba.
Na farke hannun, na jefa a gwangwanin biskit.

Da aka yi sulhu, sai shuɗiyar hula.
Suka tafi raba faɗan mutanen da ba su san gaisuwarsu ba,
suka dawo da jan yashi a ɗinkin aljihu
da sulallan da ba sa sayen komai a nan.

Ranar da ƙasa ta girgiza
kekena ya kifa, bulo ya zuba kamar gero daga buhu.
Aka sauke su da igiya daga jirgi mai saukar ungulu
a ƙauyukan da hanya ta ɓace musu.
Safar hannu suka yi ta kawo min, yatsu duk sun cinye.
Nawang Tamang ne ya ba ni labari:
Tikaram, da furfurarsa, ya kwana yana tono,
ya zaro tsohuwa da akuyarta,
ya goya ta har bakin kogi.
Ta leƙa fuskarsa ta ce, na san ka.
Ya ce, na sani, Inna, riƙe wuyana da kyau.
Na tambayi sunan ƙauyen.
Shi ne dai.

Yanzu masana'anta ke buga lamba,
a manna da safe, a ɓare da yamma.
Jiya wani sabon yanka ya kawo wando a rage masa tsawo,
yana karanto min shekaru da sunayen kwamandoji
yadda aka haddace musu a aji.
Na jawo gwangwanin na buɗe.
Ya ce, wannan na jarumi ne?
Na ce, na mutum ne.
Tsaya sosai, yaro, kada allura ta soke ka.